Tinkori da Jirgin Sarkin Mutuwa

Ba mu taɓa kai 'yarmu Parul gidan hoto ba. Mahaifiyata ce ta hana, don a ganinta akwatin hoto yana tsotse kwanan yaro. Ni da na yi karatun jami'a na san ba haka ba ne, amma ban ga dalilin ɓata wa tsohuwa rai a kan abin da zai iya jira ba. Na ce a bari yarinyar ta cika goma. Ta rasu tana da shekara tara da wata biyu. Saboda haka kamanninta ba su rage a ko'ina ba sai a kan wani katako mai faɗin tafin hannu biyu, da shafukan da aka buga da shi a kan takardar da ba ta jure damina uku. Maƙwabcinmu Tinkori Karmakar ne ya sassaƙa katakon, kuma don a yi dariya ya sassaƙa shi. An yi wani lokaci da ya rage kwana goma ko dai a ƙona katakon nan, ko a ci gaba da buga shi har fuskar ta goge. Abin da Tinkori ya yi a kwanakin nan nake so in rubuta, amma sai na fara faɗin ko wane ne shi.

An haife shi a unguwar Garanhata, a arewacin Kalkata, a shekarar da shi kansa bai tabbatar ba. A lissafina ba ta wuce 1868 ba. Yayyensa huɗu duk sun mutu ba a yaye su ba. Da aka haife shi, uwarsa ta sayar da shi ga ungozoma a kan kuɗi wuri uku tun cibiyarsa ba ta faɗi ba, sannan ta karɓe shi riƙo, domin in Jom, Sarkin Mutuwa, ya zo neman ɗan gidan a ce masa gidan ba su da ɗa. Ma'anar sunansa ke nan, wuri uku. Yakan ce tun yana kwana ɗaya a duniya aka fara yi wa Jom ƙarya a kansa, da ya girma sai ya karɓi aikin da kansa.

Ubansa maƙerin zinariya ne, amma hayaƙin maƙera yana sa Tinkori tari, sai ya koma sassaƙa hotuna a kan katako don masu ɗab'i. A goge katako ya yi santsi, a zana, a ƙwaƙule duk inda ba a son tawada ta taɓa, abin da ya rage shi ne hoton. Yawancin aikinsa tallace-tallace ne da ake sawa a bayan panjika, littafin kwanakin nan mai kauri da kowane gida ke saya a farkon shekara don a san ranar da ta dace da tafiya ko aure ko aski. Mace mai gashi har ƙasa don tallan man kitso, ƙato ya shaƙe damisa don tallan maganin ƙarfi, fitilun ƙwai, kwaɗon ƙofa. Ya fi shekara goma sha biyar yana wannan ba wanda ya san sunansa.

A 1902 aka sallami dawakin da ke jan tiram, taragon fasinja da ke bin titi, aka sa wa taragon lantarki. A bugun panjikar da ya biyo baya, wani mai maganin ƙaiƙayi ya janye tallansa ana gab da ɗora aiki a inji, rabin shafi ya zama fanko a maɗaba'ar gidan Addi. Tsohon Addi ya ce wa Tinkori ya cike gurbin da duk abin da ya ga dama, in dai ba batsa ba ce kuma ba zagin gwamnati ba. Sai ya sassaƙa Jom tsaye a bakin titin Citpur, akalar ɓaunar da yake hawa a hannu ɗaya, igiyar zarge tana reto a ɗayan, ya saki baki yana kallon tiram yana kwasar mutane. A ƙasa aka rubuta: “Ni da nake shan wahalar ɗauka ɗaya-ɗaya.”

Daga nan rabin shafin ya zama nasa. Ina yaro a lokacin, kuma na tuna a gidanmu ta baya ake fara buɗe sabuwar panjika. Sai an ga abin da ya sami Jom bana, an yi dariya, littafin ya zaga har madafa, sannan a miƙa wa manya su duba ranakun azumi. Jom ɗin Tinkori ba abin tsoro ba ne. Wani mai ƙiba ne da gashin baki kamar na mai karɓar haya, kullum cikin gumi, kullum a makare, duk abin da Bature ya kawo sai ya riga shi aiki ko ya ba shi kunya. Wata shekara yana koyon keke, bakin zanensa ya sarƙe a sarƙa, ɓaunar ta zauna gefe tana kallo kamar mai jiran a dawo a ba ta haƙuri. Wata shekarar yana riƙe da wayar tarho yana ce wa majinyaci, “Kana gida? To, kada ka fita.” Wanda mahaifina ya fi so shi ne na garmaho: Jom ya kara kunne a bakin ƙahon, muryar wani mawaƙi tana fitowa, shi kuma ya ɗaure fuska yana tambaya, “Wannan ba bara na ɗauke shi ba?”

A dakalin ƙofar gidansa yake aiki, daga fitowar rana zuwa lokacin da inuwar gidan da ke kallonsa ta rufe shi. Katakon yana kan wani ɗan matashin fata da aka cika da yashi, tabarau ɗaure da zare a keyarsa, ƙarafan sassaƙa guda bakwai jere a kan tsumma. Ba ya iya ƙirƙiro fuska daga kansa. Duk wanda zai sa a hoto, sai ya ɗaga kai ya ɗauko daga masu wucewa. A hoton tiram na farko, mutumin da ƙafafunsa suka leƙo daga ƙarƙashin tarago, kansa kuma ya leƙo ta ɗaya gefen, Nibaran ne mai sayar da pan, ganyen nan da ake taunawa, a bakin lungunmu. Nibaran ya yi wata guda ba ya gaishe shi. Sai annoba ta shigo lungun, ta kwashi mutum biyar a gidan da Nibaran ke haya, ta tsallake shi. Nan magana ta tashi cewa duk wanda Jom ya kama a hoton Tinkori, Jom na gaske yana ɗauka ya riga ya gama da shi, ba ya waiwayarsa.

Tun daga lokacin mutane suka koma roƙo. Da an shiga sanyi, wato lokacin shirin sabon bugu, za ka ga dattawa suna wucewa ta gaban dakalin sau uku-uku a rana, suna tafiya a hankali, suna juya fuska ta inda haske yake. An kawo masa kifi, an kawo masa taba. Wata rana kuma ɗan wani attajiri ya zo da nasa roƙon daban.

“Kawu, don girmanka ka ƙyale tsohon nan haka. Sau uku kana sa shi. Tamanin da takwas fa, jiya ya cinye kan kifi shi kaɗai.”

“To me kake so in yi? In cire shi in sa ka?”

“Ka sa ni mana! Ko ba komai na ga ranar da zan riƙe makullin gidan.”

Bayan na gama jami'a na fara koyar da lissafi a kwaleji, na yi aure, na kama haya gida uku daga nasa. Wata rana na zauna da tsofaffin panjika na ƙirga. Mutum arba'in da ɗaya ya sa a hotunansa, tara sun mutu kafin shekara goma, wato daidai da abin da za a samu a kowane lungu na birnin. Na kai masa takardar. Ya ɗaga tabarau ya duba sunayen ɗaya bayan ɗaya.

“Masta, waɗannan taran ai ban kama kamanninsu sosai ba. Dubi wannan, hancin ba nasa ba ne. Yaya Jom zai yarda?”

Parul ta taso tana ganinsa a dakalin nan kamar yadda take ganin famfon bakin titi. Tana ce masa Dadu, wato kaka, shi kuma yana ce mata amarya, irin wasan kaka da jika. Da ta dawo daga makaranta sai ta yar da allonta a gefensa ta tsaya masa a haske.

“Dadu, yaushe za ka sa ni?”

“Matsa min daga rana, amarya. Ke da ko haƙoran gaba ba ki da su? Jom ba ya ɗaukar kayan da ba su cika ba.”

“Kai ma ai ba ka da su.”

“Nawa shi ya kwashe. Da kaɗan-kaɗan yake ɗaukata, ya fara ta baki.”

“To ni dai ba na so mota ta take ni kamar su Nibaran. Ni zan tuƙa.”

“Ku ji min fitsara! Miji na zaune, mata na neman tuƙi.”

Da roƙon yarinyar ne kaɗai, da bai sa ta ba, don bai taɓa sa yaro ba. Matata Renuka ce ta je. Kafin Parul mun binne biyu, ɗaya bai zo da rai ba, ɗaya ya yi kwana arba'in. Ta yi alewar madara ta jera a faranti, ta ja gefen zanenta ta rufe kai, ta tsaya a ƙasan dakalin. Ita ta ba ni labarin daga baya.

“Kawu, ka sa min ita.”

“Bouma, Masta ya sani?” Haka yake kiranta, kamar matar ɗansa.

“Masta lissafi ya sani.”

Da na ji, ban hana ba. Na ce abin ba zai ƙara mata kwana ba, ba zai kuma rage ba.

A shekarun nan ne jiragen sama suka fara sauka a filin Dumdum da ke bayan gari da wasiƙu, da an ji ruginsu sai lungun duka ya hau rufin ɗaki. Tinkori bai taɓa ganin jirgi kusa ba, don haka nasa ya fi kama da kwalekwale mai fukafukan jemage. Ya zaunar da Jom a kujerar baya, kambinsa ya karkace, ya runtse ido, gumi na ɗiga daga gashin bakinsa, hannunsa ɗaya ya damƙe kafaɗar matuƙi saboda tsoro. Matuƙin kuwa Parul ce, ta waiwayo tana dariya, kitsonta biyu suna tashi a iska. Can ƙasa ga ɓauna riƙe da laima tana kallon sama. Rubutun ya ce: “Yarinya, a hankali, ina da iyali.”

Hotunansa yakan gama su a kwana shida. Wannan ya ci kwana goma sha tara. Safiya uku ya zaunar da ita a gabansa, yana sayen zamanta da guggurun shinkafa. Ya fito da giɓin haƙoranta, da girarta ɗaya da ta fi ɗaya tsayi in tana dariya, da ƙyallen kitso guda da kullum yake kwance. An buga shi a panjikar 1932. An so shi fiye da duk abin da ya taɓa yi, har Babu Khagen Addi (Babu laƙabin girmamawa ne a wurinmu), wanda ya gaji maɗaba'ar daga ubansa, ya sake buga shi a ta 1933 kusa da sabon hoton shekarar. A makaranta Parul ta zama direban Jom, kuma ba ta ƙi sunan ba.

Taifot ne ya kama ta a tsakiyar daminar 1933. Ta yi kwana ashirin da uku. Likitoci biyu sun duba ta, ba abin da ya kamata a yi da ba a yi ba. Ranar da muka kai gawarta bakin kogi, inda ake ƙona mamata, Tinkori ya biyo mu ya tsaya nesa. Washegari ya kwashe matashinsa da ƙarafansa ya shige da su cikin gida. Dakalin ya zauna fanko wata biyar. In ya hango ni tafe sai ya juya ya shiga wani lungu, ni ma ban bi shi ba.

Renuka ta ƙona panjika biyun da ke gidan tun a makon farko. Na ɓoye shafi ɗaya a cikin wani littafina, amma takardar ta riga ta fara ja, tawadar ta cuɗe, ba a rarrabe idanun sosai. Muka zauna haka har watan Janairu. Wata safiya ina duba takardun jarrabawa, ta shigo ta ajiye wani ƙunshi a kansu. Gishiri ne daga kantin bakin titi. Masu kanti da tsofaffin panjika suke yin jakunkunan takarda, kowa ya san haka, ni dai ban taɓa kawo shi a raina ba. An ninke shafin daidai ta kan fuskarta, an shafa gam a kan kitsonta ɗaya.

“Ka ga 'yarka,” in ji ta. “Gishiri aka ƙunso min da ita.”

Na ɗauki ƙunshin na juya shi, ita kuma ta ci gaba.

“Gobe kifi ne, jibi a share tebur da ita, a jefa a kwata. Ni na je na roƙa, ni na kai alewa. Ka je ka karɓo katakon nan a ƙona shi a gabana.”

“In aka ƙona shi, ba mu da ita ko'ina.”

“Yanzu muna da ita ne? Duk Kalkata ce take da ita.”

Da yamma na tafi maɗaba'a. Babu Khagen ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya sa aka kawo shayi, ya yi min ta'aziyya ta gaske. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya fara murza zoben hannunsa. Katakon mallakar maɗaba'a ne, kuma saura kwana goma a fara bugun sabuwar shekara.

“Masta, ka duba halin da nake ciki. Tinkori bai kawo min komai ba bana, ko gaisuwata ba ya amsawa. 'Yan sari daga ƙauye tambayarsu ɗaya ce, akwai jirgin? In na ce babu, su tafi gidan gaba. Ka bar ni bana kawai.”

“Kwafi nawa kake bugawa?”

“Dubu arba'in.”

Na san abin da hakan ke nufi. Katako yana cinyewa a ƙarƙashin inji, kuma siraran layuka ne suke fara tafiya, ido da gira da baki. An riga an buga dubu tamanin da shi. Babu Khagen ya rako ni har ƙofa, ya ce zai aiko min da kwafi goma kyauta. Da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Washegari da safe na ƙwanƙwasa ƙofar Tinkori. Ɗakin nasa ba taga sai ɗaya. Ya rame, ƙarafan suna naɗe a tsummansu, ƙura ta hau. Bai ce in zauna ba, ni ma ban jira ba.

“Ka zo da takardar lissafinka ne, Masta?”

“A'a, Kawu.”

“Da ka zo da ita. Su taran nan na ce maka hanci ne, kunne ne. Wannan fa? Na kama ta sarai. Tunda nake ban taɓa kama mutum kamar yadda na kama ta ba. Ba ni da abin da zan ce maka.”

Na ce masa ban zo neman bayani ba, taifot daga ruwa yake ba daga katako ba. Na gaya masa zancen gishiri, da abin da Renuka ta ce, da abin da Babu Khagen ya ce. Sai ya tambaye ni.

“Bouma me take so?”

“A daina ganinta a kasuwa.”

“Kai fa?”

“Kada ta ɓace.”

“Khagen kuma jirginsa. Shi Jom ba mai nemansa, kamar kullum.” Ya miƙa hannu ya jawo takalmansa. “Tashi mu je.”

A maɗaba'a ya sa aka ɗauko katakon daga kabad. Ya baƙe ƙirin da tawadar shekara biyu. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kara a kunne, ya girgiza kai.

“Ya tsage. Ka ɗora wannan a inji, kafin dubu ɗaya ya rabe biyu.”

Babu Khagen ya ce, “A ina ya tsage? Ni ban ga komai ba.”

“Kai da tun kana yawo ba wando ba ka rarrabe katako da biskit? Kwana huɗu zan yi da shi.”

“Kawu, kada ka yi min wasa da abincina.”

“Jirginka zai dawo da fukafukansa biyu. Ka ƙirga su yanzu in kana so.”

Ban san abin da yake nufin yi ba sai da muka koma. Ya fito da matashinsa kan dakali, karo na farko tun damina, ya ce ɗakin ba haske. Masu sassaƙa suna da hanyar gyara kuskure. In hannu ya zame, ko mai talla ya sauya siffar kwalbarsa, sai a yanke wurin a cire, a dasa sabon guntun katako a gurbin, a goge, a sake sassaƙawa. Yawanci abin da ake cirewa bai wuce girman farce ba, kuma ba wanda ya damu da shi, ƙwaƙule shi ake yi a zubar. Shi kuwa so yake ya cire wuri mai girman akwatin ashana, a tsakiyar tsohon katakon da ya sha matsi, kuma ya fito da shi lafiya.

“In ya ƙi fa?” na tambaya.

“In ya ƙi, ya tsage ta kan fuskar, Bouma ta sami abin da take so ba da wuta ba. Ka yarda ko in mayar wa Khagen?”

Na ce na yarda.

Ya huda ƙananan ramuka huɗu a kusurwoyin, ya zura zarto siriri kamar zaren ɗinki ta ɗaya, ya ce in danne katakon da hannu biyu kada in yi motsi. Shekarunsa sittin da biyar a lokacin. Ya fara wajen ƙarfe takwas. Mutane suka fara taruwa, ya kore su ba tare da ya ɗaga kai ba. A gefe na uku katakon ya yi wata 'yar ƙara. Ya tsaya cak, ya cire tabarau ya goge, ya ɗiga mai a bakin yankan, muka jira kusan rabin awa. Sannan ya ci gaba, ja ɗaya, hutu ɗaya. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin ya tura da babban yatsa ta baya, guntun ya faɗo a kan tsumma. Bai ba ni ba. Ya naɗe ya sa a aljihun rigarsa, ya ce sai ya wanke mata fuska tukuna.

“Wa za ka sa a gurbin?” na ce.

“Na daina aron fuskar mutane.”

Ya aika aka ɗauko masa madubin askinsa. Kwana uku yana kallon madubi yana sassaƙawa. Da muka mayar, Babu Khagen ya sa aka buga gwaji ɗaya. Ga jirgi, ga ɓauna da laimarta, ga Jom ya runtse ido, amma a kujerar gaba wani tsoho ne mai sanƙo, ba haƙori ko ɗaya, tabarau ɗaure da zare, ya waiwayo yana dariya.

“Wannan ne gyaran tsagar? Kawu, wa zai sayi wannan fuskar?”

“Uwata ta sami mai saye.”

“To rubutun fa? Yarinya, a hankali?”

“Ka mayar da shi tsoho. Harafi nawa ne?”

Babu Khagen ya dube ni, ya dubi hoton, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma kwafi goman nan bai aiko ba, na gode masa da hakan. Haka aka buga jirgin shekara huɗu. Tinkori bai sake yin sabon Jom ba. Ya koma tallan man kitso da fitilu, har maɗaba'u suka koma yin hotuna a kan farantin ƙarfe da ruwan magani, aikin katako ya ƙare a Garanhata. Ya rasu a 1944 a gidan 'yarsa, a ƙetaren kogi.

Guntun kuwa, rana ta biyar ya kawo shi, da hantsi. Bai taɓa shiga gidanmu ba sai ranar. Ya tsaya a tsakar gida, Renuka ta fito daga madafa, hannunta da ruwa. Ba su haɗu ba tun damina. Ya kwance tsumman ya miƙa mata da hannu biyu. Ya wanke tawadar tas da kananzir, katakon ya dawo launin zuma, ya goge gefunan don kada su yanki hannu.

“Ba za a ƙara buga ta ba, Bouma. In kina so a ƙona, ga shi, ba zai ci itace ba.”

Ta goge hannu a zanenta ta karɓa. Ta matsa inda rana take. Na ga tana bin layukan da ido, daga goshi zuwa baki.

“Ƙyallen da ya kwance na dama ne. Nan ka sa shi a hagu.”

“A katako komai a juye yake.”

Ta ɗan karkata shi. A kan kafaɗar akwai yatsu huɗu masu kauri, an yanke su daga wuyan hannu.

“Wannan fa?”

“Na Jom ne. Na gwada ta ko'ina. In na kankare su, kafaɗar za ta tafi, da rabin kitson.”

Ta shafa yatsun da ɗan yatsanta. A murhu wani abu ya fara ƙauri, ba wanda ya motsa.

“Bar su,” ta ce.

Tinkori ya gyara tabarau, ya koma maganar sana'a. Ya ce kada a ajiye shi a rana, kada a bar shi kusa da bangon da ke jiƙa. Ya ce busasshen katako yana tsagewa, don haka duk wata a ɗiga masa mai kaɗan a shafa da yatsa, man riɗi ya fi.

“Na kwakwa zan sa mata,” in ji Renuka. “Ba ta son warin na riɗi.”

Ta shiga ɗaki da shi. Muka ji ta buɗe kabad ɗin da take ajiye kwalbar man.